Ɗanyen Ƙulli a Reshen Giyayya

Ranar da Isiyaku ya dawo daga yankan shinkafa da leɓe a fashe, bai gaya mini abin da ya haɗa shi faɗa ba, ƙanwarsa ce ta tsegunta mini a gindin murhu. Wai wani ne ya kira shi ɗan Mai-ƙulli, sauran suka fashe da dariya. Na ɗora ruwan zafi ina gasa masa baki, ina kauce wa idonsa, shi ya ɗauka tausayinsa ne kawai. Tausayin na ji, amma akwai abin da ya fi shi nauyi. 'Ya'yana, babanku ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki a kan wannan magana ba muddin yana numfashi, na kuma riƙe. Yanzu ƙasa ta rufe shi, Allah Ya jiƙansa, ba zan zuba ido kuna shan duka a kan abin da ba ku san tushensa ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rubutuna a karkace yake, ku yi haƙuri ku bi shi a hankali.

Ni 'yar tudu ce. A wani ƙauye gefen Kaugama aka haife ni, inda ruwa sai na rijiya. Ina ƙarama mahaifina ya yi doguwar jinya, ya ba wani maƙwabci aron gonarsa ya noma kafin ya tashi. Ya tashi, amma gonar ba ta dawo ba. Aka yi ta zuwa gaban manya, mutumin yana cewa ai shi ya tare ta daga zama daji, har mahaifina ya gaji ya bar wa Allah. Na girma ina wucewa ta bakin gonar nan da tulu a ka, ina ganin gero ya yi kai a cikinta, mu kuwa muna awo a kasuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na ɗauko a cikina na taho da shi gidan miji tare da kwanukana.

Da aka kawo ni ƙasar Auyo komai ya zame mini baƙo. Mutane suna shiga kwalekwale kamar yadda muke hawa jaki. Babanku yana da 'yar gonar shinkafa a fadama, amma abin da aka san shi da shi farautar tsuntsayen ruwa ce. Idan damina ta wuce ruwa ya fara janyewa, dinya da kirinjijiya sukan sauka a tafkuna su yi kiwo, shi kuma ya kafa musu tarkon zarge a bakin ruwa. Fadamar nan ba ta kowa ba ce. Mafarautan ƙauyuka huɗu ko biyar ne suke cinta, Sarkin Baka, shugaban mafarauta, yana tsallaken kogi yana raba su idan sun saɓa. Akwai wani lungu da wata tsohuwar bishiyar giyayya ta sunkuyo kan ruwa, shi ake kira Giyayya kawai. Tun zamanin kakanku gidanmu ne suke riga kowa zuwa can.

Wata rana ina amarya na ga yana wasa lauje, na tambaye shi yadda ake gane wurin wani a dajin da ba shi da shinge. Ya yi dariya ya zaro ganyen kacala, wannan doguwar ciyawar ruwa, ya ƙulla shi sau uku a gabana.

"Kin ga wannan? Shi ne shingenmu. In na yanko ɗanye na ɗaura a reshe, duk wanda ya zo ya gan shi kore shar sai ya juya, ko da dinya tana taka masa ƙafa. Kowa da irin ƙullinsa, nawa uku ne."

"In ya bushe fa, Malam?"

"Kwana bakwai yake yi. In ya bushe ba a sabunta ba, wurin ya koma na Allah, wanda ya riga shi ke da shi."

Iyakar abin da na sani ke nan. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ga dalilin ƙarawa ba. Rabin doka na ji, na ɗauka ita ce duka.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce wadda kogi ya yi ambaliya ya shanye shinkafar mutane tana gab da nuna. Ke babbarsu kina da wata shida a bayana. Rumbunmu ba komai sai ƙaiƙayi, kowa a garin ya zuba ido ga kifi da tsuntsu. Babanku ya ɗaura ƙullinsa na farko a Giyayya, bai ma kai ga kafa tarko ba, yana ratsa ruwa ƙayar kifin kurungu ta soke shi a diddige. Ya ce ba komai. Kwana uku ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, yayansa ya zo da babur daga Haɗeja ya ce asibiti za a kai shi. Ana ɗaura masa tsumma a ƙafa ya yafito ni.

"Hansai, ki sa a tsallaka a gaya wa Sarkin Baka na kwanta. Ki ce ya ba wanda ya ga dama Giyayya."

Na ce to. Amma da na ji kalmar nan, ya ba wanda ya ga dama, sai na ga gonar mahaifina a idona da geron wani a cikinta. Babur ya tashi, na tsaya a ƙofar gida ina jijjiga ki, zuciyata tana cewa idan aka ba wani wurin nan ya ɗanɗana, an gama. Mutumin da ƙafarsa ba a san ko za ta warke ba, wa zai mayar masa? Da yamma kakarku Iya, wadda idonta ya riga ya yi rauni, ta tambaye ni daga kan tabarmarta.

"Yarinyar nan, kin aika wa Sarkin Baka?"

"Na aika, Iya."

Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi a gidan nan, ta kuma fita daga bakina da sauƙin da har yau yake ba ni tsoro.

A wannan shekarar mata mukan fita da hantsi ɗibar bado a tafkuna, mu shanya 'ya'yansa mu daka mu yi tuwo da shi. Rana ta uku da tafiyar babanku na bi su, na soke wuƙar yanka kuɓewa a zanina. Da muka watsu cikin ruwa na ce zan zaga, na bi ta bayan kacala har Giyayya. Ban taɓa ganin tsuntsu haka ba. Sauran tafkuna ciyawa ta shaƙe su, sai duk suka tattaru a nan, dinya baƙaƙe manya kamar tumaki, kirinjijiya suna ta fito. Na ɗaga kai na ga ƙullin babanku ya yi fari-fari, saura kwana ɗaya. Na yanko ɗanyen ganye, na ƙulla sau uku yadda na ga ya yi, na yi ɗage na ɗaura a reshen da hannuna ya kai. Na dawo da ƙwaryar bado rabi, ina jin kamar na ceci gidanmu.

Bayan kwana bakwai na sake. Bayan wasu bakwai na kuma sakewa. Tarko ban iya kafawa ba, ban ma taɓa riƙe shi ba. Wurin yana nan cike da nama, ba mai ci, ni ma ban ci ba. Tuwon bado muke ci da miyar kuka ba ko ƙashin kifi, nonona ya ja baya, ke kina tsotsa kina saki kina kuka. Duk da haka idan na tuna akwai koren ganye a reshen nan sai in ji sanyi.

Ban san cewa garin ya ɗauki zafi ba sai ranar da Kande, matar wani mafarauci da ke bayan gidanmu, ta tare ni a bakin tafki a gaban mata.

"Hansai, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, an tsaga ƙafar."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Amma mijin nan naki akwai dogon hannu. Yana kwance a Haɗeja, hannunsa yana fadama yana ƙulli. Ko aljanu ne suke masa aike?"

Wata ta ce, "Bar shi, shi ba ya ci, ba ya bari a ci."

Kande ta ce, "Jiya maigidanmu ya tsaya yana kallon dinya kamar mai kallon talabijin, ya dawo hannu biyu. Yarana da bado suka kwana. Ki gaishe shi, ki ce mun gode."

Na sunkuyar da kai ina tsinkar bado. Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Na ce a raina, ai ga shi nan, duk jira suke ya bushe su faɗa. Maganar da ya kamata ta farkar da ni ita ce ta ƙara ƙulle ni.

Zuwa na huɗu ne na tarar da mutum. Baba Modu ne, wani tsohon mafarauci da iyayensa suka taso daga wajen Tafkin Cadi, mai doguwar fuska da tsage, abokin kakanku. Yana zaune a tushen giyayyar ya miƙe ƙafa yana gyaran zaren tarko, kwalekwalensa a ɗaure. Na tsaya da ɗanyen ganye a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya. Gudu ba dama, ga ruwa ga goyo. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya lau, 'yar Kaugama. Ƙaraso, ba duka zan yi ba. Tun ƙulli na biyu na san mace ce."

Ya nuna bishiyar da haɓa ya ci gaba.

"Mijinki dogo ne, a reshen sama yake ɗaurawa. Wannan ya sauko da kamu biyu. Shi da lauje yake yanka, sara ɗaya, wannan an yi ta gurzawa da wuƙar miya. Kuma namiji ba ya daidaita bakin ganye kamar zai yi tsintsiya." Ya ɗan murmusa. "Abin da ban sani ba, shi ya aiko ki?"

Na ce a'a. Na gaya masa saƙon da aka ba ni na danne. Na gaya masa labarin gonar mahaifina, ina faɗa ina kuka, ke ma kika kama naki. Ya bar ni har na gama, sannan ya ajiye zaren.

"Kayya, 'yata. Wa ya koya miki rabin abu ya bar rabi? Mu a nan idan mafarauci ya kwanta ciwo, yakan aika wa Sarkin Baka. Sarkin Baka ya zaɓi mutum ya shiga wurin. Wanda ya shiga, ƙulli biyu zai ɗaura, nasa da na mai jinya, don kowa ya san amana ce. Duk abin da ya kama a raba biyu, rabi ya kai ƙofar gidan mai jinya kafin ya shiga nasa. Ranar da mai wuri ya miƙe, a kwance ƙulli ɗaya a bar nasa. Ni na riƙe wa surukinki wurin nan shekarar da maciji ya sare shi. Da kin aika, da yau wata guda kuna cin dinya, gidan Kande ma suna ci."

Na tuna kowane tuwon bado da na tura wa Iya, na tuna kukanki.

"Abin da ba a yafewa," in ji shi, "shi ne ƙulli ba tarko. Ka tare wuri ba ka aiki a ciki, ka hana 'yan'uwanka a shekarar yunwa. Kuma kowa ya san yana kwance, to ma'anarsa bai yarda da ko ɗaya daga cikinmu ba ke nan. Maganar ta riga ta je tsallake. Ana jiran ya dawo a zauna."

"Baba, ka rufa mini asiri."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma ke ki gaya wa mijinki kafin ya ji a bakin wani. Kawo ganyen nan."

Ya karɓa ya jefa a ruwa.

Bayan kwana biyar aka dawo da babanku, ya rame, yana dogara sanda. Washegari da hantsi ina wanke masa ciwon da ruwan gishiri a bayan ɗaki, Iya tana can zaure, na gaya masa komai ban ɗaga kai ba. Ina jiran ya ce in tattara kayana. Can ya ce, "Ruwan ya huce, ƙaro mai zafi." Na ƙaro. Sai da na ɗaure ƙafar sannan ya yi magana.

"Ke kaɗai kika riƙa shiga Giyayya da yarinya a baya? Kin san zurfin wurin nan?"

"Ban sani ba, Malam."

"Allah Ya tsare." Ya gyara zaman ƙafar. "Laifina ne da ban gaya miki yadda ake yi ba. Wa ya sani bayan Baba Modu?"

"Ba kowa."

"To ba kowa ɗin. Ke baƙuwa ce a garin nan. In matan nan suka ji ke kika sa 'ya'yansu suka kwana da yunwa, ba mai ƙara ba ki aron turmi, ba mai shigowa ranar haihuwarki. Iya kuma ba za ta manta kin yi mata ƙarya ba. Ni a nan aka binne cibiyata, duk abin da za su yi mini ba za su kore ni ba. Ki yi mini alkawari."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ba shawara yake nema ba. Na yi alkawarin.

Ranar Asabar aka zauna a ƙarƙashin tsamiyar bakin kogi. Mata ba sa zuwa, amma yayansa da ya raka shi ya ba Iya labari ina jin su ta bayan zana. Wai Sarkin Baka ya tambaye shi ƙullin wa ke Giyayya wata guda ba tarko, ya ce nasa ne. Aka ce wa ya ɗaura masa, ya ce wannan tsakaninsa da wanda ya aika ne, shi ya sa, shi zai ɗauka. Mijin Kande ya miƙe ya ce, "Mu ɓarayi ne da ba za ka ba mu amana ba?" Babanku ya ce, "Ku yafe mini, tsoro ne ya kama ni." Baba Modu yana zaune bai ce ko kala ba. Aka yanke cewa Giyayya ta fita daga hannunsa, kuma shekara uku ba zai ɗaura ƙulli a fadamar ba, sai dai ya bi wuraren da kowa ya raina. Iya ta yi ta salati tana cewa, "Ubanka bai taɓa haka ba, a ina ka koyo?" Ina tsugune ina tankaɗe, gari yana zuba a ƙasa ban sani ba.

Daga ranar aka laƙaba masa Mai-ƙulli. Shekara ukun suka wuce sunan bai wuce ba. Da ƙafar nan da ba ta ƙara miƙewa daidai ba ya riƙa tafiya tafkuna masu nisa, wani lokaci har wajen Miga, ya dawo da kirinjijiya biyu ko ba komai. Daga baya ya koma yi wa mutane ƙodagon shinkafa. Idan aka kira shi da sunan a kasuwa sai ya amsa, har ya ɗaga hannu. Sau da yawa nakan ce masa ya bar ni in faɗa, musamman bayan rasuwar Iya. Sai ya ce, "An riga an biya, a kan me za a biya sau biyu?" Bai taɓa goranta mini ba, ko a ranar da muka yi faɗa mafi muni. Da ya goranta ma da wataƙila ya fi mini sauƙi. Ranar da na haifi Isiyaku, Kande ce ta riƙe ni, ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in, tana yi tana cewa, "Ke dai mutuniyar kirki ce, ban san yadda kika ƙare da mai baƙar rowar nan ba." Na tuna alkawarin, na sunkuya ta ci gaba da watsa mini ruwa.

Giyayya kuwa Baba Modu aka ba. Sati na farko da ya shiga, da la'asar, sai muka ji sallama. Na leƙa na gan shi da dinya biyu a yanke, ya ajiye a bakin zaure.

"Rabon mai jinya."

Babanku ya fito da sandarsa ya ce, "Baba, ai an yanke hukunci. Wurin naka ne."

"Wurin nawa ne, tsuntsun ma nawa ne, in kai inda na so. Ƙafar ta warke?"

"Da sauƙi."

"Sauƙi ba warkewa ba ne. In ta warke ka gaya mini."

Haka ya yi ta yi duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare. Ku manyan kun ci naman nan, kuna kiransa dinyar Baba Modu, ba ku san dalili ba. Kullum sai ya tambaya ko ƙafar ta warke, babanku ya ce da sauƙi, su yi dariya. Wata rana ina ɗibar bado na bi ta wurin na ɗaga kai. Ƙulli biyu ne a bishiyar. Nasa yana reshen sama. Ɗayan mai uku ne irin na babanku, amma a reshen ƙasa ya ɗaura shi, daidai inda hannuna yake kaiwa, ya kuma daidaita bakin ganyen kamar tsintsiya.

Ga abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Kande tana raye, jiya na je na gaya mata da bakina. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Shekara nawa ina zagin bawan Allah," sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san ko ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba.

Isiyaku, kai ne ka gaji tarkunan babanku, na ga kana gyara su. Idan ka ɗaura ƙulli ka kafa tarko, idan ba za ka kafa ba ka bar shi ya bushe. Idan ka kwanta ka aika, kuma ka zaunar da matarka ka gaya mata dokar tun daga farko har ƙarshe. In wani ya sake kiranka ɗan Mai-ƙulli kada ka ɗaga masa hannu. Ka ce masa gaskiya ne, amma ya yi kuskuren mai sunan. Mai-ƙulli tana gida, ita ce ta haife ka.